Yadda Za Ka Saita Taimin da Silon Motar Marigayi Babanka da Kunne

Kai da ka ɗora wa tsohuwar mota ƙatuwar kafireta, ka yanke mata salansa, yanzu kuma tana mutuwa duk inda ka taka birki, matso kusa. Ka bi matakan nan bakwai daki-daki, ni kuma na ba ka tabbacin cikin kwana biyu za ka rabu da matsalar silo har abada. Duk wanda ya bi su bai sake kukan mota ba.

Abin koyinka shi ne Injiniya. Ba injiniya ba ne, hatimi yake bugawa a wani ofis. Yayyensa ne suka laƙaba masa sunan ranar da ya kwance fankar ɗaki ya mayar, noti uku suka rage a hannunsa. Shi ne auta, kuma motar marigayi babansu a hannunsa take, shi ma ya ɗora mata ƙatuwar kafireta ya yanke mata salansa. Babban yayansu ya gaji da turin mota kullum safiya, sai ya yanke hukunci a gaban mahaifiyarsu: ranar Asabar motar za ta kai Inna gidan ƙanwarta da ke can kan tudu, ta dawo da ita. In ta iya, ta zauna. In ta kasa, masu sayen tsohon ƙarfe su zo su ɗauka. Inna dai ba ta son a rabu da motar. Injiniya ya ce ai ƙaramin aiki ne, taimin ne kawai da silo.

1. Je wurin wanda ya sani, amma kada ka saurare shi

Taimin shi ne daidai lokacin da filogi ke ba injin wuta. Silo kuma shi ne yadda injin ke numfashi idan ƙafarka ba ta kan totur. Wannan ilimin ya ishe ka, duk abin da ya wuce haka surutu ne.

Injiniya ya je garejin tsohon bakaniken babansu don aron fitilar taimin. Tsohon ya miƙa masa, ya ce, "Ɗana, ka bari injin ya yi zafi tukuna. Ka cire ɗan tiyon da ke jikin distiributa mai raba wa filogi wuta, ka toshe shi. Sannan ka bi farin ɗigon da ke jikin fuli, faifan nan da ke juya bel a gaban injin. Fulin nan ba nata ba ne, na wata mota ne, zanen kamfani ƙarya zai yi maka. Ni da babanka wuni guda muka yi muna neman wurin, shi ya ɗiga fentin da hannunsa."

Injiniya ya ji "zafi", ya ji "tiyo", a wajen "ɗigo" kuma saƙo ya shigo wayarsa. Ya ɗago ya ce, "Baba, kada ka damu, na kalli bidiyo har uku."

2. Wanke injin tas

Ƙwararre ba ya aiki a cikin dauɗa. Samo fetur, buroshi da tsumma, ka dirje duk abin da hannunka ya kai. Idan wani tabo ya yi gardama, ɗauko takardar yashi ka nuna masa wa ke da motar.

Wani farin tabo a jikin fuli ya ba Injiniya wahala ƙwarai. Sai da ya yi minti goma a durƙushe kafin ya ga bayansa. Ya miƙe yana share gumi, yana jin daɗin kansa.

3. Idan ka gane ka yi ɓarna, kada ka koma

Tayar da injin yana sanyi. Bar tiyon a inda yake, ai kamfani bai sa shi don a cire ba. Maƙala fitilar a wayar filogi na farko, ka haska fuli.

Fitila ta yi ta walƙiya, fuli yana ta sheƙi, babu abin gani sai tsabta. A nan ne maganar tsohon ta dawo wa Injiniya. Ya kalli tsumman da ke ƙasa, ga ɗan farin gari a jikinsa. Wallahi ya ji ciwon abin, don hannun babansa ne ya goge. Garejin tsohon tafiyar minti biyar ce. Amma ta yaya mutumin da ya kalli bidiyo uku zai koma ya ce ya dirje alamar da takardar yashi? Ya tura tsumman ƙarƙashin mota da ƙafa.

Kai ma haka za ka yi. Injin ana sake shi, amma tsoho in ya yi maka dariya, ta zauna ke nan.

4. Yi aiki da kunne

Sassauta notin distiributa, ka murɗa ta a hankali. Za ka ji injin ya ɗaga murya. Ƙara murɗawa. Inda ihun ya fi yawa, nan ne daidai, ka ɗaure. Masu tsoro za su ce maka wuta ta yi gaba da yawa, tana tashi tun fistin da ke sama da ƙasa a cikin injin bai iso ba, tana dukan sa a ka. Ka tambaye su ko sun taɓa jin mota mai ƙarfi tana raɗa.

5. Rufe sauran da sukurun silo

Yanzu injin yana gudu alhali motar tana tsaye. Sassauta sukurun silo. Za ta fara kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Mayar da shi. Ka yi ta kai da kawowa har hannunka ya gaji, inda ya gaji nan ne ma'aunin.

Da Injiniya ya kashe ta ya sake murɗa makulli, sai da ta yi nishi sau biyu kamar za ta ƙi, sannan ta kama. Matarsa, wadda ke shanya a gefe, ta ce, "Da can ba ta wannan nishin."

"Batir ne," in ji shi. Ka riƙe wannan amsar, tana maganin tambayoyi da yawa.

6. Fasinja ba shi da ta cewa

Ranar Asabar Inna ta yi kwalliya ta shiga gaba, kujerar da ta yi shekara talatin tana zama a gefen mijinta. A miƙaƙƙiyar hanya mota ta yi ta tashi, Injiniya yana satar kallon Inna ko ta lura. Da suka fara hawan tudu sai wata 'yar ƙara ta taso daga gaba, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Amfanin yankakken salansa ke nan: direba ba ya jin irin wannan. Inna kuwa ta ji.

"Auta, injin nan kuka yake. Babanku in ya ji haka, tsayawa yake yi."

"Inna, ƙarfi ne ya ƙaru."

"To, Allah ya sa."

Idan allurar zafi ta fara hawa, kada ka sauke giya, kada ka tsaya. Taka totur har ƙasa don ka gama da tudun da wuri. Injiniya ya taka. Ƙarar ta yi yawa, sannan aka ji wani dum guda ɗaya, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe baya, motar ta yi shiru. Saura lanƙwasar hanya ɗaya su hango rufin gidan ƙanwar Inna.

7. Tsaya a bakin hanya da mutuncinka

Sa dutse a bayan taya. Buɗe bonet, ka riƙe ƙugu, ka girgiza kai yadda masu wucewa za su san laifin man fetur ne.

Yaya ya iso bayan rabin awa tare da tsohon bakaniken. Tsohon ya cire filogi ɗaya, ya juya shi a tafin hannu, ya leƙa fuli, ya daɗe yana kallo. Bai yi dariyar da ake gudu ba. Cewa kawai ya yi, "Fistin ya huje." Yaya ma bai yi faɗa ba, ya buɗe wa Inna ƙofar motarsa ya tsaya yana jira.

Inna ba ta fito nan take ba. Ta shafa gaban motar da tafin hannunta, sannan ta ce, "Auta, buɗe mini aljihun motar nan. Tabaran babanku yana ciki, kada su tafi da shi."

Ya buɗe, ya miƙa mata. Ta naɗe shi a gefen mayafinta ta fita.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba bakanike ba ne, ko keke ba shi da shi. Babu ruwansa da fistin da ya huje, ko filogin da ya narke, ko mutanen da za su zo ranar Litinin da sarƙa da sikeli. Haka kuma idan ka dawo daga ofis ka sa kai cikin gida, Inna ta amsa sallamarka da fara'a, ta tambaye ka aiki, ta kuma ƙi ko da wasa ta ambaci motar, kada ka neme ni. Babu mataki na takwas.