Rasuwar Ibtisam, Wadda Aka Ce Iska Ta Shige Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki... kai Abdulmuttalib, ɗauke inuwarka daga kan takardata! Ba kai ka ce ta mutu ba? To bari in gaya wa duniya.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Rabi'atu, matar marigayi Audi direba, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Dinder da Sinnar da Hasahisa, har da waɗanda ba sa gaishe mu, rasuwar motarmu boksi, a-kori-kura mai shan jaz, wato man dizal, wadda kowa ya sani da suna Ibtisam.

Ta rasu ranar Lahadi bayan la'asar, a bakin autana Abdulmuttalib. Na ce a bakinsa, don makaniki bai gan ta ba, ni kuma ba a tambaye ni ba. Shi ya yanke hukunci, shi ya kira mai sayen tsohon ƙarfe daga Sinnar, wai ya zo ranar Alhamis ya ja ta, a yayyanka ta a ɗora a sikeli. Tunda an hana ta magani, ba za a hana ta sanarwa ba.

Marigayiya ta shekara ashirin da shida a gidan nan. Audi ya raɗa mata suna Ibtisam, wato murmushi da Larabci, ranar da wani sa ya tunkuye ta a kasuwar Dinder, ƙarfen gabanta ya lanƙwashe sama kamar mai murmushi, haka kuma ta zauna tana murmushi har yau. Ta ɗauko dawa da riɗi daga hawasha, wato gona. Ta kai amare, ta kai gawa. A bayanta aka haifi jikata Rayan, cikin lakar damina. Kujerar gaba tawa ce, ita ce ƙafata zuwa kowane suna da kowane biki. Abin da aka faɗa a cikin motar nan, da za ta yi magana da aure bakwai sun mutu. Ba ta taɓa fitar da sirrin kowa ba. Ni ce mai fitarwa. Shekarar gudun yaƙi mun binne ta cikin karan dawa wata biyu, daga baya ta kwashe mu, mutum goma sha tara da awaki, ba ta ko yi tari ba. Masu bindiga ba su same ta ba. Ɗan cikina ne ya same ta, da tiyo.

Ga yadda jinyar ta fara. Na tafi ta'aziyya Hasahisa kwana huɗu. Yaron nan yana da lambun albasa a bakin kogi, injin ban-ruwansa ma jaz yake sha. Sai ya zura tiyo a tankin Ibtisam ya tsotse ta tas. Wai kaɗan ya ɗiba. Kaɗan! Matarsa Mu'minat ta shaida mini kwana biyu yana gyatsar jaz, ko gahawar jabana ba ta wanke bakin ba. Washegari ya juye wa Ibtisam jarka guda, ya murɗa makulli. Ta ce, gyar-gyar-gyar-gyar. Ya sake. Gyar-gyar-gyar-gyar. Muryarta ta safiya da muka sani, gyar, ɓurum, kaf-kaf-kaf, ba ta zo ba.

Ni ajina uku a makaranta, amma shekara ashirin na yi a gefen Audi. Yakan ce motar da ke juyi da ƙarfi ba ta rasa wuta ba, a bar batir ya huta. A zaga a dubi wutsiyarta. In farin hayaƙi na fita, abinci na isa, ɗumi ne babu. In ko babu hayaƙi sam, abincin bai kai baki ba: ko matatar jaz, wato filta, ta toshe, ko iska ta cika bututun jaz ta tsaya gaba ta hana shi wucewa. Tankin da aka ƙafe kuwa, me zai zuƙa in ba iska ba?

Cikin mazan unguwarmu ba wanda ya zaga baya. Duk suna gaba, sun sa kai cikin inji kamar masu leƙen rijiya. Batir uku suka aro. Suka tura ta har bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, suka turo ta gida, gemu goma sha ɗaya na zufa. Sai da suka gaji aka buga wa Usta Alamin makaniki waya a Dinder. Mutumin kirki ya saurari kukan, ya faɗi gaskiya da Larabci: “Ahadat hawa,” wato ta zuƙi iska. Kafin ya ƙara bayani layi ya yanke.

A nan aka kashe ta. Abdulmuttalib, wanda Hausarsa ta zama kamar tsohuwar tabarma, rabi rami, ya juya ya gaya wa gwaggonsa Barakatu, ƙanwar Audi: “Iska ta shige ta.”

Barakatu! Matar da ko akuya ta yi atishawa sai ta ce mutanen ɓoye ne. Ta ce dama ta sani, tun ranar da aka ajiye motar ƙarƙashin tsamiya. Ta kawo garwashi da turare ta tura ƙarƙashin tankin mai, jama'a, ƙarƙashin tanki! Allah ne ya tsare unguwa. Sannan ta dawo da buta cike da ruwan tofi, ta tambaya ina bakin mara lafiya. Ɗan da na goya, ɗan direba, shi da hannunsa ya buɗe mata murfin tanki. Addu'a ba ta da laifi. Amma ruwa ruwa ne, injin jaz kuma ba ya alwala. Suka yi ta murɗa makulli. Ibtisam ta ce tuf, sau ɗaya, ta koma gyar-gyar ɗinta. Barakatu ta bi gida gida tana cewa ta ji fitar aljanin da kunnenta.

Abin da ke ƙona mini rai, da ina nan, kafin shayi ya tafasa an gama. A sassauta ɗan noti a kan matata, a danna famfon hannu, a yi ta dannawa har kumfa ta ƙare jaz tsantsa ya fito, a ɗaure. Sau nawa na danna wa Audi da babban yatsan nan? Amma wa ke tambayar tsohuwa? An buga Dinder, ba a buga mini ba.

Marigayiya ta bar ni. Ta bar taya huɗu, ba biyu da suka haɗa uba. Ta bar madubi guda na gefen direba, da kazar Mu'minat da ta fara ƙwai a bayanta tun kafin a yi sadakar uku. Ta bar makashinta cikin ƙoshin lafiya, da albasarsa.

Za a yi zaman makoki a kujerar gaba, inda nake zaune yanzu nake wannan rubutu, kuma ba ni sauka. Makulli na ƙulle a bakin zanena. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo sukari, su kawo sabuwar matata. An hana Barakatu zuwa da buta, ko ta alwala ce. Ana roƙon Usta Alamin ya zo wankan gawa: a tsiyaye tanki ƙaf, a sauya matata, a fitar da iskar, ta bututu nake nufi. In an yi haka ba ta tashi ba, ni zan fara zuba ƙasa. Mai ƙarfen Sinnar kuwa, in ya zo Alhamis, ya zo da babban sikeli, don da ni zai auna.

Ga Abdulmuttalib nan ya shigo kujerar direba yana karantawa ta kafaɗata.

“Yumma, har da sunana kika sa?”

“Da na ubanka, don a san ba gado ba ne.”

“To tiyon fa? Wallahi ki goge tiyon. Ina zan sa fuskata a kasuwa?”

“Inda ka sa bakinka.”

Ya laluba ƙarƙashin kujera, ya jawo tsohuwar sifanar Audi, ya dangwarar a cinyata.

“Ga ta nan. Alhamis na fasa. Ki tashe ta mu gani, tunda ke ce usta!”

Saboda haka an ɗage jana'iza sai abin da hali ya yi. Ya fita, ya maka ƙofa, gam, har madubin ya faɗo ƙasa. A cire madubi cikin magada.