Yadda Za Ka Sa wa Kwamfuta Sabon Direban Hoto, Irin na Falalu

Har yanzu Turai na tsaye cikin shagon Falalu mai ɗaukar hoto, nan bakin kasuwar Talata Mafara. Tana cewa shi ya taɓa kwamfutar, yana rantsuwa kwamfutar ce ta taɓa kanta. Bidiyon bikin ɗiyarta Taiba ke ciki, kuma yau gwaggonnin ango za su taho daga Maradun kallo. Bi matakan da ya bi, na ba ka tabbaci kai ma sunanka zai zaga gari kafin la'asar.

1. Raina abin da kake da shi
Kwamfutarka na nuna hoto lafiya lau da manhajar kyauta da ta zo da ita? Abin kunya. Nemo ta kamfani, wadda masana ke ce ma direba. Ka bari sai ranar da aikin mutane ke hannunka, ya fi albarka.

2. Kada ka karanta komai
Za su jero maka sharuɗɗa da Turanci, sun fi kayan lefe tsawo. Danna wurin yarda. Falalu ko gilashinsa bai sa ba.

3. In allo ya yi baƙi
Zai yi. Kashe ka kunna. Hura bayan akwatin kwamfutar, ka ɗan mare shi a gefe. In mai aikin ta tambaya, ce mata hutawa yake.

4. Saiti
Da hoto ya dawo kwamfutar za ta jero maka lambobin girman hoto. Zaɓi mafi girma, kai ba ƙaramin mutum ba ne. Haka Falalu ya yi, sai kowa a bidiyon ya baje ta faɗi. Taiba, siririya kamar karan dawa, ta koma gajera, ciki a gaba. Amarya ranar ɗaurin aure! Ka san mi gwaggonni za su fara ƙirgawa da yatsu.

5. Kare kanka
Falalu ya nuna allo ya ce, "Haba Inna, ai kowa ya faɗaɗa. Dubi liman ma."

Turai ta ce, "Liman za a ƙirga ma wata?"

Gargaɗi
Duk abin da ya same ka, ba ruwana. Ni daddawa na fito saye, kunnena ne ya ratse. Amma ka riƙe kayanka da kyau: yanzun nan Turai ta fizge allon ta ɗora a ka, wai ta ga ta inda za a kalli ɗiyarta. Ta bar masa akwatin da bidiyon ke ciki, ta fita ta bugo ƙofa.