Injin Kirifto da Layin Markaɗe

Kun taɓa jin kukan injin haƙar kirifto da kunnenku? Ba mainin ɗin waya nake nufi ba, wanda muka yi ta dangwala har yatsa ya yi kanta. Inji na gaske, na ƙarfe, mai fanka gaba da baya. In ba ku taɓa ji ba, ku gyara zama.

Wani ne a nan Daura, irinmu 'yan digiri, waɗanda muka dawo daga hidimar ƙasa kai cike da dabaru, aljihu kuwa iska na kai da kawowa. Yana neman wata yarinya, Hadiyya. Tana so, yana so. Amma mahaifinta ya ce maganarsa ɗaya ce, ba ya ba marar sana'a 'yarsa. Digiri takarda ce, ba a tuƙa tuwo da ita. Ya ce zai turo ƙanensa, Baffa Zailani, mai fataucin shanu a Mai'adua, ya zo ya ga abin da yaro yake yi da idonsa. In Baffa ya gamsu, a sa rana. In bai gamsu ba, kowa ya kama gabansa.

Mutumin ya zauna ya yi nazari. Shagon cajin waya? Kowa ya buɗe. Kiwon kaji? Wannan na waɗanda ba su karanta tattalin arziki ba ne. Sai ya gani a wani zauren 'yan kirifto na waya cewa masu dangwale yara ne, manya inji suke ajiyewa, yana haƙo musu sulalla suna barci. Ya tattara ɗan abin da ya tara, ya sayar da ragon da yake turkawa, ya hau motar Kano. Wanda ya sayar masa ya rantse injin ya yi aiki a ƙasar Sin, arziki ne ya ishi mai shi ya sallame shi.

Ya dawo ya girke shi a shagonsa na ƙofar gida. Wuta dai kun san halinta, ta leƙo ta gaishe ku ta wuce. Sai ya ari ƙaton janareta wajen wani abokinsa, ya sayo mai wajen 'yan bumburutu, ya ja igiya.

Janareta ya kama tum-tum-tum. Inji ya ɗauka da wata ƙara mai tsini, wiiiii, kamar ana yanka ƙarfe. Da ƙarar biyu suka haɗu suka fita unguwa, duk macen da ta taɓa jiƙa wake ta san abin da take ji. Abin da mutumin bai lissafa ba ke nan.

Yana ciki ya tuɓe riga saboda zafi, yana kallon lambobi a waya. Da ya fito shan iska, sai ya tarar da robobi da bokitai jere daga bakin ƙofarsa har gindin dalbejiya. Wake, kayan miya, gero jiƙaƙƙe. Babu mutum ko ɗaya. Kun san yadda ake yi, a ajiye kwano ya riƙe layi, a koma a ci gaba da aikin gida.

Ya shiga wajen mahaifiyarsa.

"Inna, kayan wa aka jera mini a ƙofa?"

Shi ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya buɗe markaɗe, ni ko kai?"

"Ba markaɗe ba ne, Inna. Lissafi yake yi. Yana warware wasu lambobi ne, in ya dace sai a biya ni da sulallan intanet."

"To madalla. In ya gama lissafin ka zuba masa waken Goggo Yelwa, ƙosan yamma za ta yi."

"Ba ya niƙa fa."

"Duk wannan ihun?"

"Wallahi ba ya niƙa."

Ta ajiye muciya ta dube shi. "Ni dai tun da aka kawo ni gidan nan, kwanon maƙwabci bai taɓa komawa yadda ya zo ba. Waken nan in ya wuce azahar tsami zai yi. Ka san yadda za ka yi."

Ai kuwa ya san yadda zai yi, don kai ne da shi. Ya kwashe bokitan ya shigar shago, ya bi da su ta cikin gida, ya fita ta ƙofar baya, ya ɗaure a babur, ya zaga ta lungu sai wata unguwa, wajen Sabiru mai markaɗe. Ya biya daga aljihunsa. Ya dawo ta inda ya fita, ya buɗe ƙofar shago ya jera su. Inji na ta kuka a bayansa.

Goggo Yelwa ta zo ta sa yatsa a ƙullu ta murza.

"Kai, wannan laushi haka. Nawa ne, jikana?"

Kunya ta kama shi. Yaya mai digiri zai miƙa hannu ya karɓi kuɗin markaɗe? Ya ce, "Ki bar shi, Goggo."

Ya yi niyyar yi mata bayani gobe. Kafin goben ta yi, Goggo Yelwa ta riga ta yi wa unguwa nata bayanin: ɗan gidan Inna ya kawo injin Turawa, ƙullunsa kamar madara, kuma ba ya karɓar ko sisi, sadaka yake yi don Allah ya ba shi mata.

Washegari layi ya sha kwana.

Ya zama aikinsa ke nan. Da safe ya tayar da inji, ya duba farashi, ya ɗaura bokitai. Farashin kuwa tun ranar da ya sayi injin ya fara gangara, kamar shi yake jira. Abin da injin ke haƙowa a wuni bai isa man da janareta ke sha kafin a gama gaisuwar safe ba. In ya yi ƙorafi a zaure sai a ce, "Riƙe, kada ka sayar, kasuwa ta kusa fashewa, farashi zai yi sama." Shi da ba shi da abin sayarwa ma. Ya so ya kashe injin ya huta, amma in ya kashe, da me zai nuna wa Baffa sana'a? In ya kunna kuma, bokitai.

Sabiru mai markaɗe shi ma abin ya ɗaure masa kai.

"Malam, kasuwa ta mutu. Wai wani ɗan boko ne ya buɗe na kyauta a unguwarku. Ba don kai ba da na rufe. Gidan biki kake yi wa aiki ne?"

"Kusan haka."

"Allah ya isa tsakanina da yaron nan."

Mutumin ya ce amin a hankali, ya ɗauki bokitansa.

Ranar da ya je zance, ya shirya wa Hadiyya jawabi a kan makomar kuɗin duniya. Bai kai ga buɗe baki ba ta riga shi.

"Ashe markaɗe ka buɗe, shi ne ba ka gaya mini ba? Umma ta aika da kayan miya jiya, ta ce ko tsaba ɗaya ba ta gani ba."

"Hadiyya, ba markaɗe ba ne. Fasaha ce. Nan da shekara kaɗan bankuna ma..."

"Ko ma mene ne, kada ka fasa. Jiya ne karon farko da aka ambaci sunanka a gidanmu ba a yi tsaki ba."

Sai ya haɗiye sauran jawabin.

Mai bincike ba ya sallama tun daga nesa. Wata safiya mutumin ya buɗe ƙofar shago, bokiti a kowane hannu, ƙullu har gwiwar wando, gari a gira, sai ga dattijai biyu a tsaye gindin dalbejiya suna kallon layi. Ɗaya Baffa Zailani ne da sandarsa. Ɗayan abokin tafiyarsa ne, Malam Kalilu, sanye da farar babbar riga.

Ya dire bokitan ya durƙusa. "Barkanku da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, samari. Tashi, tashi, mai aiki ba ya doguwar gaisuwa." Baffa ya nuna layin da sanda. "Duk naka ne?"

"E to, Baba, a gaskiya akwai bayani. Ainihin abin da nake yi..." Ya sa hannu zai zaro waya.

Baffa ya ce, "Bari in gaya maka gaskiya tun da wuri. Ce mini aka yi kana cikin yaran nan masu jiran kuɗi su faɗo daga waya. Muna da ɗaya a gida, ya sayar da bijimi ya sayi wani abu da ba a gani, yanzu ko gaisuwa sai ya duba allo yake amsawa. Na taho ne da niyyar in ce a'a in koma. Sai na tarar da wannan. Me kake cewa?"

Mutumin ya mayar da wayar aljihu. "Cewa nake yi, Baba, markaɗe ne da niƙa. Duka biyun."

"Alhamdu lillahi. Mu ga injin."

"Akwai zafi ciki, Baba."

"Ni da nake wuni a kara cikin rana? Wuce mu gani."

Suka shiga. Baffa ya duba gabas ya duba yamma, yana neman ƙaton inji mai bel da mazurari. Babu komai sai ɗan akwatin ƙarfe a kan teburi, bai fi bulo biyu ba, yana tsala ihu. Ya zagaya shi yadda yake zagaya saniya, ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗan daki gefensa.

Ya ɗaga murya, "Shi ke nan girmansa?"

"Na zamani ne, Baba."

"Ta ina ake zubawa?"

Mutumin ya nuna fankar gaba.

"Ya fita ta ina?"

Ya nuna ta baya.

"Malam Kalilu, tsaya can ka tara hannu."

Kafin mutumin ya ce wani abu, Baffa ya dumbuzo jiƙaƙƙen wake daga bokitin Goggo Yelwa, ya yi bismilla, ya watsa wa fankar. Inji ya yi wani irin tari, ƙarrr-tat-tat-tat, ya feso ta baya. Babbar rigar Malam Kalilu ta koma kamar zabuwa, tun daga wuya har ciki. Wani ɓarin wake ya ɗauke masa hula.

Mutumin ya runtse ido. Ragonsa yake tunawa.

Baffa ya lakato daga rigar abokinsa, ya murza, ya kai hanci.

"Bai yi laushi ba. Amma ni ne ban iya zubawa ba, kowace sana'a da hannunta. Kai, Malam, taɓa ka ji. Da ɗumi fa. Har ya fara dafawa."

Malam Kalilu yana karkaɗe hula ya ce, "Na ji a jikina."

"Ka ga abin da ake cewa ilimi. Wani ya yi boko ya dawo yana raina dutsen niƙan uwarsa, wannan ya yi boko ya dawo ya ƙara masa gudu." Baffa ya dafa kafaɗar mutumin. "Samari, na ba ka. Ka turo manyanka."

Farin ciki ya sa mutumin ya manta da warin ƙauri da ya fara tashi daga akwatin. Ya raka su har bakin titi. Baffa ya ɗora ƙafa a kan babur, sai ya waiwayo.

"Af, na tuna. Hatsin biki duk a wuyana yake, gero da dawa da wake. Ba za mu kai wa bare ba ga surukinmu. Ranar Litinin, bayan kasuwar Mai'adua, zan taho da su a a-kori-kura. Kuma ni da kaina zan shimfiɗa buzu a shagon nan in zauna, in ga yadda ɗan abin nan yake cinye buhu."

Suna ɓacewa ya koma shago. Injin ya yi shiru, sai hayaƙi mai ƙamshin ƙosai. Bai tsaya makoki ba, ya ɗaure shi a babur sai wajen Sabiru. Ya faɗi gaskiya tun daga farko. Sabiru ya kashe injinsa don ya ji da kyau.

"Wato kai ne ɗan bokon."

"Ni ne."

"Kuma da na ja maka Allah ya isa ka ce amin."

"Mu bar wannan. Musaya na zo mu yi. Ka ba ni naka, ka riƙe wannan. In aka gyara shi, ranar da kasuwa ta fashe sai ka sayi irin naka guda goma."

"Shi me yake ci?"

"Wuta."

"Me yake fitarwa?"

"Zafi. Amma na ɗan lokaci ne."

"A Daura za ka sayar mini da zafi?" Sabiru ya ja igiyar injinsa, ya ci gaba da aiki.

To jama'a, maganar da nake yi muku Litinin ta ƙarato, kuma aure ne a tsakani. Duk mai tsohon injin niƙa, ko na haya ne, ko bel ɗinsa ya tsinke, don Allah ya taimaki wannan bawan Allah ya kira shi yau. In an ɗauka kuka ji murya kamar tawa, kada ku yi wani tunani, aron wayata ya yi, tasa ta faɗa ƙullu.