Ranar da Na Ja Ɗaki Zuwa Bikin Bashir

Ba zan taɓa mantawa da bikin Bashir ba, ko da shi angon ya manta. Bashir ƙanin matata Rakiya ne, a Aubervilliers da ke bakin Paris aka yi shagalin, amma abin da ya same ni ranar tun a Lyon ya soma, a cikin falona, kafin ma a sa rana.

Mu biyu ne surukan gidan su Rakiya a nan Faransa. Ni nake auren babbar, muna zaune a unguwar Guillotière ta Lyon da 'ya'yanmu uku. Sani kuma shi ke auren ƙanwarta Zara, suna Paris. Sani mutumin kirki ne, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi game da shi. Da yana da girman kai, ai da na samu abin kamawa.

Wani lokacin hutu sai Sani ya sayi kamfin-kar, motar nan da ake kwana a cikinta, mai gado da murhu da komai. Hajiya, mahaifiyar matanmu, ta zo daga Maradi ganin jikoki, ya kwashe ta da iyalinsa suka tafi bakin teku. Hotuna suka yi ta zubowa a gurup ɗin dangi: ga Hajiya tana shan shayi a ciki, ga Hajiya ta shimfiɗa darduma a gefenta. Har saƙon murya ta turo. "Rakiya, motar nan har da ban ɗaki! Allah ya yi wa Sani albarka." Na saurari saƙon nan fiye da yadda ya kamata magidanci ya saurara. (Ni ma fa na taɓa kai Hajiya yawo. A taram, jirgin haya na kan titi.)

Da ma Rakiya ta daɗe tana cewa mu nemi abin tafiya hutu, don kama otal da yara uku ba wasa ba ne. Zaɓi biyu ne a gabanmu: ko kamfin-kar, ko karaban, wato ɗakin da ake ɗaura wa mota a baya tana ja. Tsakanina da Allah, kamfin-kar zuciyata take so. Amma in na saye ta, me dangi za su ce? Yaya ya kwaikwayi ƙane. Don haka na wayi gari na zama babban maƙiyin kamfin-kar a duk faɗin Lyon.

Duk wanda ya zauna shan shayi da ni a Guillotière ya sha lacca. "Kamfin-kar wahala ce. Burodi kawai za ka saya, sai ka naɗe gado, ka kwashe tukwane, ka tafi da gidan gaba ɗaya. Karaban kuwa, ka kwance ta ka ajiye, ka ja motarka ka shiga gari. Inji ɗaya kake kula da shi." Duk gaskiya ce. Matsalar dai ba don gaskiyar nake faɗi ba.

Rakiya ta ce, "Abban Hadiza, ka taɓa jan irin wannan abu kuwa?"

Na ce, "Mota ce ke ja, ba ni ba."

Wajen wani dattijon Bature na samo ta, a wani ƙauye kusa da Lyon. Ya tsaya yana yi mini bayanin yadda ake ja da baya, ni kuwa ina zagaye ina neman inda hoto zai fi fito da tsawonta.

Da bikin ya matso Rakiya ta ce mu hau jirgin ƙasa mu huta. Na ce ina! Ga manyan kuloli na bisap, wato zoɓo, da ta haɗa wa baƙi, wa zai ɗauka? Shirin masu hankali shi ne mu fara ajiye karaban a sansanin masu hutu a bayan gari, sannan mu wuce biki da mota. Amma ni wani hoto nake gani a kaina: tawa a tsaye kusa da ta Sani, a ƙofar zauren biki, Hajiya tana duban wannan tana duban waccan. Muka kama hanya ina tafe a hankali, manyan motoci suna wuce ni, ban ko kalli mahaɗar sansanin ba.

Zauren yana cikin wani siririn lungu tsakanin rumbunan 'yan kasuwa. Na kutsa har bakin ƙofa, inda maza suke tsaye cikin manyan riguna. Na waiga dama, na waiga hagu, babu motar Sani. Na ce a raina, bai iso ba, gara ma, ya zo ya tarar da ni. Sai a lokacin na lura da katanga a gabana. Lungun ba ya ɓullewa.

Wani abokin ango ya leƙo ta taga, yana ce mini kawu da Faransanci. "Tonton, a ɗan ja baya, ga motocin amarya nan sun shigo."

Jama'a, karaban ba ta jin magana. Na murɗa dama, ta yi hagu. Na murɗa hagu, ta nufi motar mutane. Nan take kowa ya zama malamin tuƙi, wannan yana ihu da Faransanci, wancan da Hausa, wani da Zabarmanci, kuma ba wanda ya yarda da wani. Motocin amarya suka saki oda. Gumi ya jiƙa mini hula. Rakiya ta ja mayafi ta rufe fuska, babbar 'yata Hadiza ta zame ƙasan kujera kamar ba ta taɓa ganina ba.

Haushi ya kama ni, na taka mai. Ji kake ƙaraf! Karaban ta lanƙwashe ta manne da gefen mota, ta tare lungun daga bango zuwa bango. Wani abu mai nauyi ya faɗi a ciki. Sai ga jan ruwa yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofarta.

Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Jini! Akwai mutum a ciki!"

Bisap ne. Amma kafin in fito in yi bayani, rabin zauren ya fito waje.

Cikin taron sai ga Sani yana tattare hannun riga. "Yaya, sannu da hanya. Kashe motar kawai, mu kwance ta mu tura da hannu." Ko murmushi bai yi ba. Da ya yi dariya, da na ji sauƙi. Haka aka kwance ta, abokan ango suka kama, har da Bashir cikin farar shadda, ana turawa ana "a hankali, a hankali". Amarya dai a ƙasa ta ƙaraso, ƙawayenta sun ɗage mata riga tana tsallake bisap.

Hajiya tana bakin ƙofa tana kallo. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, sannan ta juya wajen 'yarta. "Rakiya, ashe ƙaura kuka yi daga Lyon, ba ku gaya mini ba?"

Da aka zauna cin abinci na daure, kamar ba komai, na ce wa Sani, "Ina taka motar ne?"

Ya ce, "Kamfin-kar? Haba Yaya, wa zai shigo Paris da wannan? Tana can wurin ajiya bayan gari, sai hutu nake ganinta. A metro muka zo, jirgin ƙarƙashin ƙasa." Ya ƙara mini nama a faranti. "Wallahi kai ka yi dabara. Kullum Zara cewa take da karaban muka saya."

Har zuciyarsa ya faɗa. Na cinye naman nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Yanzu dai na iya ja da baya, a filin wani babban kanti na koya ranakun Lahadi, kuma yara suna jin daɗin hutunsu. A dangi kuwa har yau Mai Ƙaura ake ce mini. Abin da na ɗauka daga ranar bai wuce biyu ba. In za ka yi gasa da mutum, ka fara bincika ko ya san ana yi. In kuma za ka shiga lungu da ɗaki a bayanka, ka sauka ka leƙa ƙarshensa tukuna.