Yadda Na Jefa Ɗan Mutane a Kogon Dodo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi baƙuwar farko a Dogon Dutsi ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

Shekarar aka turo ni koyar da lissafi a wata kwaleji, ban san kowa a garin ba. Ɗaki ɗaya na kama a bayan kasuwa. In na taso daga makaranta abokiyar hirata fanka ce, ita ma sai in an kawo wuta. Mutane suna gaishe ni, ba laifi: "Mushe, ina gajiya?" (haka ake kiran malamin makaranta a can, daga Faransanci). Amma gaisuwa daban, a ce maka zo ka zauna daban. Akwai fadar wasu samari 'yan kasuwa a bakin titi, kullum da la'asar suna dafa shayi. Wata uku ina wucewa ta gabansu a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ko wani zai tsayar da ni.

A Yamai, muna jami'a, mu biyar muna da wani wasan Turawa da ake yi a kan teburi. Kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, ya ba shi suna da sana'a, mutum ɗaya kuma ya riƙa ba da labari. In jaruminka zai yi wani abu, sai ka jefa ɗan dutse irin na ludo, sai dai wannan fuska ashirin gare shi. Lambar da ta fito ita ke faɗin ko ka yi nasara ko ka sha ƙasa. Ni ne mai ba da labarin. (Ni na taho da duwatsun, su huɗun suka samu aiki a Yamai suka rage ɗaga waya.)

Sai ga shi an yi fim daga wannan wasa. Na samo shi a kwamfuta, na ce to, ga makullin fada. Na yi ta maza na kai musu. Sun kalla kuwa, har shayi ya kusa ƙonewa: takubba, matsafa, dodo mai aman wuta, da wasu abokai da ba sa rabuwa duk wuya (nan ne na share ido, na ce hayaƙin gawayi ne). Da aka gama, maimakon in sha shayina in yi godiya, sai bakina ya buɗe. Na ce ai fim ɗin somin taɓi ne, ainihin abin yana ɗakina: ka faɗi sunan mutum, ka jefa dutse, ni kuma in gaya maka abin da ya same shi. Duk mai so ya zo Asabar bayan la'asar.

Sanusi mai shagon kayan waya, wanda ba ya wasa da sha'anin addini, ya dube ni ya ce, "Mushe, wanga abu ba duba na ba?"

Na yi dariya na ce wasa ne kawai. Ya ce, "Uhm." Ni da nake koyar da lissafi, ban lissafa cewa a ƙasar Arewa wanda ke jefa dutse ya faɗi abin da ya samu mutum yana da suna tun kaka da kakanni ba, kuma sunan ba ɗan wasa ba ne. Ban kuma lissafa cewa maganar bakin titi ba ta kwana inda aka yi ta ba.

Ranar Asabar na share ɗaki, na ari tabarma da kofuna shida. Na zana taswirar kogo a kan kwali, na jera 'yan gumakan roba. Na rufe taga saboda rana, na kunna turaren wuta saboda warin safa. Aka yi la'asar, shiru. Na dafa shayi na farko na sha ni kaɗai, na biyu ma haka. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara tattara kofuna.

Sai na ji sallama. Wata tsohuwa ce, da kaza a hammata. Ta ce sunanta Kuluwa, daga Matankari kabu-kabu ya kawo ta.

"An ce kai na mai jehwa dutsi."

"Ni ne, Inna! Bismillah, zauna."

Na sani, na sani. Ko kazar nan ta isa ta farkar da mai hankali. Amma wanda ya yi wata uku yana hira da fanka, in an yi masa sallama ba ya tsayawa bincike.

Na ce, "Wa za mu sa a ciki?"

"Ɗana, Mamman."

"Mece ce sana'arsa?"

"Ya tahi biɗa Abijan, shina tura baro. Damana biyu ke nan, ba waya, ba saƙo."

Na ce a raina ikon Allah, tsohuwar nan gwana ce, ko abokaina na Yamai ba sa tsara jarumi da sauri haka. Na miƙa mata dutsen. Ta karɓa da hannu biyu, ta jefa. Ɗaya ta fito, wadda a wasan nan babu lambar da ta kai ta muni. Na gyara zama, na kumbura murya irin wadda ake yaba mini a jami'a.

"Mamman ya faɗa kogo mai duhu. Ƙofa ta rufe a bayansa. Yana kira, ba mai jin sa. Ga dodo nan tafe."

Salatin da ta saki har yanzu yana kunnena. Ta ɗora hannu a ka, kaza ta kuɓuce ta haye taswira. Na ɗaga kai, sai ga Sanusi da mutum uku na fada a bakin ƙofa, ɗayansu riƙe da ƙullin sukari da ganyen shayi. Wato sun zo. Zama suka zo yi da ni, abin da na yi wata uku ina roƙon Allah, suka tarar da duhu, da turare, da gumaka, da kaza, da tsohuwa tana kuka.

Sanusi ya ce, "Mushe, wasan ke nan?"

Don in wanke kaina, sai na buɗe kwamfuta in nuna mata dodon na fim ne. Tana ganinsa yana aman wuta ta ƙara kururuwa, ta ce ashe ga shi nan ma a madubi. Sanusi ne ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, gaibu sai Allah. Wanga yaro bai san komi ba, ko hanyar Abijan bai sani ba." Ban taɓa jin daɗin a kira ni jahili irin na ranar ba. Suka raka ta tasha, sukarinsu ma da shi suka tafi.

Daga nan sunana ya koma Mushe Dodo, na kuma sake hanyar zuwa makaranta.

Asabar ta gaba na kai mata kazarta Matankari, na ba ta haƙuri kaina a ƙasa. Ta dube ni ta ce, "Kai ma biɗa ka zo, ko? Shi ya sa." Ta kwance bakin zane ta ciro wata 'yar takarda da ta tsufa, mai lambar Mamman. Na buga, ba ta shiga ba. Ta dama mini fura, ta ce in dawo mu sake gwadawa.

Shekara biyu na yi ina komawa. Lambar ba ta taɓa shiga ba, mu dai mu zauna, tana ɓarar gyaɗa, ina sauraron labarin Mamman. Abin da na koya shi ne, in baƙo ya yi maka sallama, ka fara tambayar abin da ke tafe da shi kafin ka sauke masa naka.