Ramukan da na toshe a ɗakin albasar Baba

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na koya wa mahaifina ajiyar albasa ba, ni da ban taɓa shuka ko ƙwaya ɗaya ba.

Lokacin ina aiki a kamfanin siminti na Malbaza, kaina ya kumbura, duk abin da ba siminti ba a wurina ƙauyanci ne. Baba kuwa a rudu yake ajiye albasarsa, wato rumbun kara da ciyawa bisa itace, iska na ratsa shi ta ko'ina. Na ce wannan zubar mini da mutunci ne, na sa aka gina masa ɗakin bulo da rufin kwano.

Magini ya bar ramuka a saman bango da ƙasansa. Na ce na mene ne, ya ce na iska. Na ce na ɓera dai. Yana juya baya na kwaɓa siminti na toshe su tas, ƙasan ƙofa ma na cusa tsumma (wai kada laima ta shiga, ka ji ilimi).

Baba ya dubi bangon ya ce, "Ɗana, albasa fa tana gumi. Ina zai fita?"

Na ce, "Baba, bar wa waɗanda suka yi boko a lakwal wannan."

Aka kwashe noman rani kaf aka zuba ciki, alhali da shi gidanmu zai ci abinci har kaka.

Bayan wata biyu, damina ta kankama, na zo gida ranar Juma'a. Ana saukowa daga masallaci, ni da bakina na gayyato dattawan unguwa su zo su ga ajiyar zamani. Na sa makulli ina murmushi, na tura ƙofa.

Wani zafi mai wari ya buge mu, har wani tsoho ya ja da baya yana salati. Ruwa na ɗiga daga kwano, bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, albasa ta narke, ruwanta ya gangaro ya cika mini takalmi. Na sandare da makulli a hannu.

Baba ya shiga, ya cusa hannu cikin tulin har gwiwar hannu, bai samu mai ƙwari ko ɗaya ba. Ya fito ya ce mini a hankali, "Ɗauko guduma."

Haka na hau tsani da rigar Juma'a, ina fasa simintina rami bayan rami, dattawa na kallo. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da na fi samun sauƙi.

A daminar nan Baba ya sayar da sansa na noma, bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya rasu. Ni dai tun ranar, in na ga rami a bangon mutane, sai in sa hannuwana a aljihu in tambaya ko na mene ne, in kuma tsaya in ji amsa.