Ɗantani da Auren Dabino

A ƙauyen Rafin Kaba akwai wata gwauruwa, Inna Tabawa, da ɗanta Ɗantani, ƙaton saurayi wanda duk maganar da aka faɗa masa yakan ɗauke ta yadda ta fito. Mahaifinsa ya bar musu garkar dabino, itatuwa mata da yawa da namiji guda. Ƙanin marigayin, Baffa Jatau, shi ya san yadda ake sa su haihuwa, amma ya ƙi taɓa su, domin ya riga ya shawo kan mai gari cewa in garkar ba ta yi 'ya'ya bana ba, a danƙa masa ita. Ba wanda ya tambayi Tabawa abin da za ta ci.

Wata rana Tabawa ta ce, "Je ka sa ido a kan dabinon nan, kada awaki su ci ƙananan." Ɗantani ya je ya manna idonsa a jikin itacen, awaki na ta kiwo a bayansa. Ya dawo da ido a kumbure.

"Inna, na sa ɗaya. Gobe sai ɗayan."

Wata rana kuma ta ce a yaye 'ya'yan dabinon da suka tsiro a gindin uwa. Ya shafa wa uwar maɗaci, ya haƙe su, ya goya su zuwa gidan kakarsa, kamar yadda ake yi wa kowane yayayye. Tsohuwar ta bi shi da muciya har bakin rijiya.

Wata rana, da dabinon ya yi huda, Baffa Jatau ya tarar da shi a garka, ya yi dariyar mugunta.

"Kai, sarkin wayo! Mata ba miji, ina za su haihu? Je ka ɗaura musu aure mana!"

"To, Baffa."

Ɗantani ya roƙi namijin ya taso, namiji ya ƙi motsi. Sai ya hau, ya yanko farar hudarsa, ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana cusa reshen hudar namijin a cikin hudar kowace, yana ɗaurewa tam da zaren kaba. Da Tabawa ta ga namijin a aske, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

"Ka kashe mu, Ɗantani."

"Ango ne ya ƙi zuwa, Inna. Wakilansa na kai."

Ashe haka masu garka suke yi, abin da Baffa ya ɓoye musu ke nan. Da lokaci ya yi, nonnan dabino suka sunkuyar da rassa. Mai gari ya zo ya duba, ya ce maganar danƙa wa Baffa garkar ta mutu. Tabawa ta jingina da itacen.

Ɗantani ya ratsa taron, ya durƙusa gaban Baffa Jatau, ya miƙa masa goro.

"Na suna ne, Baffa. Ai kai ne waliyyi."